Muryar Yayana a Bakin Na'ura

Shekara shida ke nan da 'yan bindiga suka kashe yayana Haruna a gonarsa ta gero. Shi ne ladanin unguwarmu a Yasore, kuma duk wanda ya kwana a garin ya san muryarsa.

Ina da wani gajeren wa'azinsa a wayata. Bara wasu samari suka roƙe ni in tura masu, wai don a riƙa tunawa da shi. Na tura, har ina jin daɗi. Ban tambayi komai ba, kuma wannan wautar tawa ce.

Bayan sallar layya sai ga wani saƙo yana yawo, wai jawabin da ya yi kafin rasuwarsa. Muryarsa ce sak, har da yadda yake jan numfashi. A ciki yana cewa gidan Jauro Bello ne ke kai wa ɓarayin daji labarin mutane. Bello, Bafulatanin da shi da Haruna suka yi shekara talatin suna cin tuwo a kwano ɗaya! Aka ce mini yanzu akwai na'urar da in ta ji muryar mutum sau ɗaya, sai ta faɗi duk abin da aka rubuta mata.

Matar Haruna, Hajara, ta saurara, ta miƙo mini wayar. “Malam Idi, sun kashe shi a gona, yanzu kuma sun sa shi ƙarya. Kai ka ba su?” Na ce ni ne.

Na je wurin mai unguwa, ya tura ni ofis a Batsari. Can wani ma'aikaci ya ce, “Baba, na'urar nan ba a ƙasar nan take ba. Wa za mu kama?” A rediyo kuwa ina jin manyan ƙasashe na ta taro kan yadda za a yi wa waɗannan na'urori linzami. Kowace na so a ɗaure ta maƙwabciyarta, a bar tata. Su ci abinci, su ɗauki hoto, su watse. Abin ƙyama ne a ƙera abin da zai sa matacce yin shaidar zur, a sake shi duniya, sannan a zauna shawara.

Da Haruna na nan, na san ba zai jira taron kowa ba. Zai tsaya a ƙofar masallaci ya ƙaryata. To, ni na tsaya a madadinsa, Juma'a biyu. Dattawa suka yarda da ni. Samari suka ce da kunnensu suka ji.

Abin da ya rage na gaskiyar Haruna yana zukatan waɗanda suka zauna da shi, kuma kullum raguwa muke yi. Na iske Bello yana ɗaure kaya a bayan motar a-kori-kura, zai bar garin. Ya riƙe hannuna ya ce, “Idi, ni na san ba shi ba ne. Amma waɗanda za su zo da adduna ba su san shi ba.”