Ruwan Da Tamba Ya Ba Albasa

A bakin gulbi, yamma da garin Argungu, akwai wani lambu da ake kira lambun Ummaru, ko da yake Ummarun ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa biyu ne suka gaje shi, Labbo da ƙanensa Tamba. Labbo ya girme shi da shekara bakwai, kuma shi ne mai riƙon gidan. Lokacin nan Argungu da Birnin Kebbi duk suna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, injin ban-ruwa bai iso wajensu ba, da jigo ake shayar da lambu. Tamba ke tsayawa kan jigo yana ɗebo ruwa da guga yana juyewa a magudana, Labbo na can ƙasa da fartanya yana buɗe wa wannan fangalin shuka ruwa, yana toshe wancan.

Amma abin da aka san Tamba da shi ya wuce ƙarfin dantse. Ita albasa, idan ta ƙosa wuyanta ya fara kwanciya, sai a yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin a cire. Manoma na cewa an yaye ta. In aka yaye da wuri, 'ya'yan ba su cika. In kuwa ta sha ruwa bayan yaye, to ba ta ajiyuwa, ruɓewa za ta yi. Tamba tun yana saurayi yakan durƙusa ya matsa wuyan albasa da yatsu biyu, ya ce saura kwana uku, kuma haka ɗin ne. Dattawan da suka haife shi sukan aiko a kira musu shi. Mutum ne mai barkwanci, in yana kan jigo waƙa yake yi wa guga kamar budurwa, masu wucewa su tsaya suna dariya.

Wata damina da aikin lambu ya tsaya, ya tafi Birnin Kebbi dakon buhuna a tasha. Daga can ya dawo da tabar wiwi. Labbo ya fara ganinsa da ita bayan wata bishiyar giginya, ya ji warin, ya gane. Ya yi niyyar magana. Sai dai a ranar Tamba ya hau jigo tun hantsi bai sauka ba sai da aka kira azahar, ya shayar da abin da suke yi a kwana biyu. Washegari ma haka. Labbo ya dubi fangalinsa sun yi shar, ya dubi na maƙwabta, ya ce a ransa bari dai a gama wannan rani tukuna.

Uwarsu, Riskuwa, ta taɓa tambayarsa. Ta ce, "Labbo, wane irin wari na ga rigar ƙanenka?"

Ya ce, "Ciyawa munka ƙona, Inna."

Ta dube shi. Har ta koma ga Allah ba ta sake tambaya ba.

Rani ya bi rani. Tamba ya auri Sauda, 'yar wani dattijo mai sayar da goro a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, ana ce masa Maigandi. Suka haifi 'ya mace, Jamilatu. Abin bai zo wa Tamba a rana ɗaya ba, shi ya sa Labbo ya yi ta samun abin da zai gaya wa kansa. Waƙar ce ta fara ɗaukewa. Daga nan sai mantuwa: a aike shi kasuwa ya dawo hannu wofi yana tambayar me aka ce. Ya bar zuwa suna da jana'iza, ya bar wanka sai an matsa masa. Yakan zauna shi kaɗai ya yi dariya, in an tambaye shi ya haɗe fuska. Can wajen shekara ta goma sha ɗaya ya fara zargin mutane. Idan mata biyu na magana a tsakar gida, da shi suke. Idan maƙwabci ya yi tari, alama ce yake ba wani.

Wata rana da safe Sauda ta kawo masa kunu, ya ce ta sa masa wani abu a ciki. Ta ɗauka ta sha a gabansa, ya ce ai ta riga ta sha makari. Ya ɗaga randar ruwa ya fasa a ƙasa, kusa da inda Jamilatu ke zaune. Ranar Sauda ta goya 'yarta ta shiga motar Birnin Kebbi.

Labbo ne ya je biko. Ya tarar da Maigandi a zaure yana yayyafa wa goro ruwa. Suka gaisa, dattijon ya tura masa ƙwaya biyu na goro, ya ce, "Labbo, ba ni son dogon zance. Ƙanenka lahiya tai?"

"Lahiya lau, Baba. Zahin rana na, da gajiya."

"Zahin rana ka hwasa randa? To mu nan Birni rana ba ta iya haka ba."

Labbo ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, mutumin da ba shi da hankali ba ya yaye albasa. Har gobe shi ka hwaɗin ranar yaye, kuma ba shi kuskure."

Maigandi ya rufe goronsa. Ya ce, "To na ji. Don girmanka zan ba ka ɗiyata ta koma. In kun cire albasa kun kai ta rudu ajiya zan zo da ƙahwata in gani. In na tarar da mutum, shi ke nan. In ko ba haka ba, da ita zan komo, kuma kada ka sake zo mani biko."

Sauda ta dawo. Labbo kuwa, a karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, ya zaunar da ƙanensa ya ce masa ya bar tabar nan. Tamba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaya, yau kag gani?"  Duk da haka Tamba ya rage, ko ya ɓoye, Allah ne masani. Ya yi kwanaki yana gumi ba ya cin abinci, yana faɗa da kowa, daga baya ya ɗan lafa. Da albasa ta fara kwanciya ya durƙusa ya matsa wuyanta, ya ce Laraba za a yaye. Labbo ya taɓa da kansa ya ji daidai ne, har ya ji wani sanyi a ransa. Aka ba ta ruwan ƙarshe ran Laraba, aka kwance guga daga jigo aka kai gida.

Kwana takwas bayan haka aka yi rasuwa a Augie, wani kawunsu. Labbo ya tafi gaisuwa ya kwana biyu. Da ya dawo, wajen la'asar, bai shiga gida ba ya biya ta lambu. Tun daga nesa ya ji kukan jigo. Ya tsaya, ya ce ko na maƙwabta ne. Da ya matso ya ga Tamba a sama, ba riga, idanu jawur, yana ɗebowa yana juyewa. Fangali duk a buɗe, ruwa ya kwanta a cikinsu har ya rufe kan albasa, kuma da ganin ƙasar ba yau aka fara ba.

Ya ce, "Tamba! Mi kaka yi?"

"Ƙishirwa suka ji, Yaya. Tun shekaranjiya suka kirana."

"Su wa?"

"Su mana. Kai ba ka ji, don kunnenka ya toshe." Ya yi dariya, ya sake sauke guga. "Jiya-jiya munka dasa su, ka bar su su mutu?"

Labbo ya hau ya riƙe masa hannu. Tamba bai yi gardama ba, ya sauko kamar wanda aka tashe shi daga barci, ya dubi ruwan, ya dubi wansa, ya ce, "Wa yab buɗe wanga?"

Daga nan Labbo ya yi abin da ya saba, ya rufa. Ya fasa bakin fangali ruwa ya tsiyaye, ya jira ƙasa ta sha iska, suka cire albasa, ya shanya ta fiye da yadda ake yi. Ya kai ta rudu, wato rumfar kara da ake jera albasa a kanta don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ya tsinto masu kyau ya jera a sama. Bai gaya wa kowa ba. Amma Sauda ce ta ga lokacin da Tamba ya fita da guga, ita ce kuma ta wanke masa wandon da ya jiƙe da laka.

Bayan mako uku Maigandi ya iso, ranar kasuwa, da 'yar jakarsa ta goro. Ya ci tuwon shinkafa, ya yi wasa da jikarsa, ya ce ita ce amaryarsa, tsohuwar gida ta kusa kora. Tamba ya zo ya gaishe shi da ladabi, ya koma gefe ya zauna yana kallon bango. Sannan dattijon ya ce a kai shi rudu. Ba su ƙarasa ba wari ya tarye su. Ya sa sandarsa ya ture na sama, na ƙasa sun yi baƙi suna ɗigar da ruwa, ƙudaje sun taso.

Ya ce, "Wagga albasa ta sha ruwa bayan yaye. Ni mai goro na, amma na san wannan. Wa yab ba ta?"

Labbo ya shirya amsarsa tun kwanaki. Zai ce shi ne, ya yi kuskuren lissafin kwana. Maigandi ba zai ƙaryata shi a gidansa ba. Ya buɗe baki, sai ya hango Sauda tsaye bakin ƙofa da Jamilatu a gaba. Ba ta roƙe shi ko da ido ba, jira kawai take ta ji abin da za a yanke mata. Ya ga yadda ta rame, ya ga hannunta a kafaɗar yarinyar, ta janyo ta jikinta saboda Tamba ya zo giftawa ta bayansu.

Ya ce, "Tamba na, Baba. Ba shi da lahiya. Ya daɗe ba shi da ita, kuma na sani tun farko."

Maigandi bai yi faɗa ba. Ya ce, "Allah shi ba shi lahiya," ya juya ya ce wa 'yarsa ta haɗa kayanta.

Tamba ne ya ɗauki akwatinta a ka har tasha. Ya ɗauka ganin gida za ta. Ya sa Jamilatu a mota da hannunsa, ya ce wa Sauda in za ta dawo ta taho masa da takalmin roba, nasa ya tsinke. Ta ce to. Ta rufe fuskarta da mayafi kafin mota ta tashi.

A makon nan Labbo ya kai shi asibitin masu taɓin hankali da ke kusa da Sakkwato. Ya yi wata huɗu, ya dawo ya yi ƙiba, maganarsa ta yi nauyi, ba ya faɗa da kowa, ba ya kuma sha'awar komai. Likita ya ce da an kawo shi shekarun baya da abin ya fi sauƙi. Labbo ya ce haka ne. A wani lokaci da hankalin Tamba ya ɗan dawo, malamin unguwa ya zauna da shi, ya sauwaƙe wa Sauda. Daga baya ta yi aure a Gwadangaji, Jamilatu ta girma a can.

Tamba ya yi shekara tara bayan haka a ɗakin da ke kusa da na Labbo. Wani lokaci ya san abin da ya faru, ya yi kwanaki ba ya magana. Wani lokaci kuma ya manta, ya fito da safe ya ce, "Yaya, motar Birni ta iso?" Labbo ya riga ya yi wa kansa alkawarin ba zai ƙara rufa komai ba, saboda haka duk ranar da aka tambaye shi sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya zaunar da ƙanensa a tabarma, ya gaya masa gaskiya tun daga farko.