Agogon zafin da Malam ya ɗaura wa kombi

Rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini. In kuka ya zo mini, ka jira.

A shekarun da arzikin mai ya shigo ƙasa, maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya sayi mota kombi a hannun wani Bature mai komawa gida. Har gado gare ta a ciki, da ɗan murhu. Injinta a baya yake, kuma ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ta. Abin da ya dami Malam ke nan. Ya taɓa ƙona injin wata mota, ga wannan ba ta da abin da zai nuna masa ta yi zafi. Sai ya samo agogon zafi daga wata Fijo da ta mutu, ya wuni a ƙarƙashin mota a ƙofar gidanmu na Ƙofar 'Yandaka yana jan waya, ya ɗaura shi kusa da sitiyari.

Ya ce, "Zo ki gani, ke da ba ki karatu. In allurar nan ta taɓa ja, sai a tsaya. Ko jaki ya gane."

Na ce, "Shi ya sa ka gane."

Da bazara autarmu ta kwanta, wuyanta ya sanƙare. Likita ya ce a kai ta Zariya yau, ba gobe ba. Na shimfiɗa ta a gadon Baturen, kanta bisa cinyata.

Mun wuce Batagarawa kaɗan allura ta hau ja. Malam ya tsaya, ya buɗe baya, ya cire hularsa yana yi wa inji fifita.

"Malam, mu tafi! Jikinta kamar garwashi!"

"In injin ya ƙone a dajin nan, wa zai kai ta? Yi haƙuri, yanzu zai huce."

Muka tashi, allura ta koma ja, muka tsaya. Haka muka yi ta yi. Ruwan gora ya ƙare a goshinta. Na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da iyayensa. Har na ce ya tsayar mini da kowace mota in shiga da ita, amma duk wadda ta zo a cike take da siminti da mutane. Hawaye na zuba a gemunsa, idonsa na kan allura.

Bayan la'asar wani direban babbar motar kaya, roka, ya tsaya. Ya taɓa injin, ya leƙa gaba, ya riƙe baki.

"Haba Malam, wa ya sa maka wannan? Na mota mai ruwa ne! Man kombi ya fi haka zafi kullum. Lafiyarta lau, taka ta!"

Malam ya taka. Ban taɓa jin motar nan ta yi gudu haka ba. Kafin Funtuwa yarinyar ta saki yatsana.

Wayyo 'yata. Na kasa gaya masa, na bar shi yana ta gudu. Shi ya waiwayo ya ga na ja mayafina na rufe mata fuska. Ya yi salati, ya juya motar. Har muka shigo Katsina allurar na kan ja, bai tsaya ba.