Ranar da Mala'iku Suka Tuƙa Tuwon Gayya

Ko da zan manta da shekarar da aka haife ni, ba zan manta da ranar da mala'iku suka tuƙa tuwo a Gwaram ba. Har yau in na ji ƙamshin man shanu a miyar kuka sai in kama dariya ni kaɗai, jikokina su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni.

Lokacin da kuɗin man fetur ya fara shigowa, ana ta buɗe makarantu a ƙauyuka, aka ɗauke maigidana daga Birnin Kudu aka kai shi koyarwa Gwaram. Mu 'yan Katolika a garin ba mu cika tabarma biyu ba, duk baƙi ne da aiki ya kawo. Ba mu da coci, a zauren gidanmu muke sujada, Fada, wato limaminmu, kuwa sai ya yi watanni bai leƙo mu ba. Da yake ni ce na taɓa makaranta, ni nake karanta wa mata labaran waliyai.

Wata Lahadi na karanta musu labarin wata waliyiya da ta rayu a ƙasar Turawa ɗaruruwan shekaru da suka wuce. 'Yar aiki ce a gidan wani attajiri, ga ƙwazo ga kyauta, har abincin bakinta takan ba mabukata. Wata rana ta tafi Misa, wato babbar sujadarmu ta coci, addu'a ta ɗauke mata hankali har lokacin gasa burodin gidan ya wuce. Ta dawo a guje, sai ta tarar mala'iku sun gasa mata. Na rufe littafi na ce darasinmu shi ne ƙwazo da kyauta. Ashe a cikinmu akwai wadda ba ta ji komai ba sai burodin.

Ita ce ƙawata, matar malamin ɗakin shan magani. Ban taɓa ganin mai farar zuciya irinta ba, in ka ce mata sama ta tsage sai ta fita ta duba. Katanga ɗaya ce tsakaninta da wata tsohuwar Bafulatana da kowa ke kira Inna, mai fama da ciwon gwiwa. Kullum da yamma ƙawata za ta shiga ta gasa mata gwiwar da ruwan zafi, ba wanda ya sa ta.

A daminar nan mai unguwa ya ara wa mijin ƙawata gona, ciyawa ta fi ƙarfinsa, sai ya kira gayya, mutanen gari kuma suka amsa. Ga baƙo wannan ba ƙaramar karramawa ba ce. Amma gayya tana da doka. Ba a biyan kowa, sai dai in rana ta take tuwo bai iso gona ba, maza su saɓa fartanyoyinsu su watse, maganar kuma ta bi mai gonar har kasuwa. Daga ranar ba mai sake amsa masa kira.

Ranar gayyar da hantsi sai ga ƙarar babur a ƙofarmu. Fada ne, duk jikinsa taɓo, ya ce yanzu za a yi Misa don yana so ya koma kafin rafi ya kawo ruwa. Na je gidan ƙawata na tarar ta ɗora ƙatuwar tukunya, ga garin dawa ƙwarya guda a gefe.

Na ce, "'Yar'uwa, Fada ya zo, amma ke kam zauna ki yi tuwonki. Allah ya san uzurinki."

Ta ce, "Rabona da karɓar jibin Ubangiji tun kafin bikin Ista. Ba ke kika karanta mana ba? Wanda ya gasa burodin can, tuwon dawa ne zai gagare shi?"

"Ke, wannan fa a ƙasar Turawa aka yi!"

"Mala'ikun ba su san hanyar Gwaram ba ne?"

Ta yafa gyalenta ta yi gaba, na bi ta baki buɗe. Misar da na zaci gajeriya ce ta zama doguwa, ga jarirai biyu na jiran baftisma, ga Hausar Fada da ke tafiya kamar jaki da kaya. Ita tana durƙushe fuska fal annuri, ni kuwa idona na kan inuwar zaure tana ta matsewa. Tsoro ya kama ni sosai, don in mijinta ya sha kunya, daga bakina abin ya fito.

Ana cewa amin muka zuba a guje. Muna shiga gidan na tsaya cak. Ga akusa jere a inuwa, kowanne an rufe shi da faifai, tuwo malmala-malmala yana tururi. Ga miyar kuka a tukunya, har murhun an share. Ƙawata ta zube ƙasa tana kuka tana waƙar yabo. Ni mai taurin kai ma, gaskiya tsikar jikina ta tashi.

Muka ɗauka muka nufi gona, muka tarar maza sun riga sun zauna a gindin ɗorawa suna kallon hanya, mijinta yana ta share gumin da ba na noma ba. Suka ci suka suɗe. Wani dattijo ya ce, "Ashe baƙuwar nan ta iya tuwon garinmu. Malam, baɗi ma ka kira mu."

Sai da muke tattara kaya na lura da fayafayan, masu saƙar ja da baƙi da na sha gani rataye a ɗakin Inna. Na shinshina tukunyar miya na ce, "'Yar'uwa, yaushe kika sayi man shanu?" Ta ce ba ta da shi. Na ce, "To mala'ikun naki Fulani ne."

Muka shiga wajen Inna, muka same ta ta miƙe ƙafa, surukanta biyu suna ta sunkuyar da kai, har da sauran gari a gefen zanensu. Ƙawata ta durƙusa za ta yi godiya, Inna ta kawar da kai ta ce ita ba ta san zancen ba, fayafayanta ne dai suka cika yawo. Can ta kasa daurewa ta ce, "Yo ni, 'yar nan, na ji tukunya tana ta tafasa ba motsin kowa, na leƙa na ga akuya ta nufi garin. Wa ya ce ki bar girki ranar gayya?"

Ƙawata ta kwashe labarin waliyiyar ta gaya mata. Inna ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai ta ce, "Baiwar Allah ce kam. Amma a bincika, ita ma tana da maƙwabciya." Muka yi dariya har da hawaye, Inna kuma ta ce tunda ga mu, a ɗora ruwan zafi, don tsayuwar tuƙi ta tayar mata da gwiwa.

Na daɗe ina karanta wa mata labarin nan bayan haka, amma ba na tsayawa a kan burodin. Nakan ce su dubi shekarun da waliyiyar ta yi tana ciyar da na kusa da ita kafin ranar ta zo. Abin da na koya shi ne Allah yana aiko da mala'iku, amma sau da yawa ta katangar maƙwabta suke shigowa. Macen da take so su tuƙa mata tuwo, ta fara gasa musu gwiwa.