Man da Neilan Ta Shafa wa 'Yarta

Duk tsibirin Rongelap babu macen da ta kai Neilan iya haɗa man kwakwa, kuma ita da bakinta ta fi kowa faɗin haka. Da hannunta take zaɓen busasshiyar kwakwa, ta goge, ta matse, ta ɗora a ƙaramar wuta tana zuba furanni har ƙamshin ya kai ƙofar coci. Mijinta masunci ne, teku ta cinye shi tun tana goyo, ya bar mata 'ya guda, Lijoma. A kan yarinyar nan Neilan ta juye duk gwanintarta. Lijoma tana shekara bakwai gashinta ya sauko har gadon baya, baƙi wuluk, kullum a shafe, kullum a taje.

Maƙwabciyarta Tarmile 'ya'yanta biyar, kawunansu furu-furu da gishirin teku. Neilan ba ta iya ganinsu bakinta ya yi shiru.

"Tarmile, waɗannan 'ya'ya ne ko ɓawon kwakwa kika tara a ƙofar gida?"

"Ƙyale min su. Da hannu suke kamo kifi, ba da gashi ba."

"Turo min su mana, ko sau ɗaya su ji su ma mutane ne."

"Ji da taki. Wata rana sai kin zame a kan gashin 'yar nan kin karye."

Ranar ɗaya ga Maris, 1954, tana cikin littattafai. Masu ilimi suna lissafa ta cikin manyan ranakun duniya, ranar da Amurka ta gwada bam mafi girma da ta taɓa fasawa, a tsibirin Bikini da ke yamma da Rongelap. To, mu dai ba wanda ya aiko mana da littafin. Abin da mutane suka gani da sassafe shi ne haske ya taso daga yamma, inda rana ba ta taɓa fitowa ba, can kuma wata ƙara ta zo ta girgiza rufin ɗakuna. Da rana ta take, sai wani farin gari ya fara sauka daga sama a hankali, kan itatuwa, kan kifin da aka shanya, cikin tankin ruwan sha. Yara suka yi ta tsalle a ciki suna dariya.

Da yamma Lijoma ta dawo gida kanta fari fat, tana ta susa.

"Inna, kaina ƙaiƙayi yake yi, kamar tururuwa ce a ciki."

'Ya'yan Tarmile ma susar suke. Uwarsu ta daka musu tsawa, "Ku je ku faɗa ruwa ku ba ni wuri!" Suka ruga teku, ba su fito ba sai da rana ta faɗi. Neilan ta ja tsaki. Ita ba haka aka rene ta ba. Uwarta ta koya mata, kamar yadda kakarta ta koya wa uwar, cewa kai idan yana ƙaiƙayi mai ake ba shi, ruwan gishiri karya gashi yake yi. Ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta, ta zuba mai a tafin hannu, ta bi gashin layi-layi tana murzawa har fatar kai, garin yana jiƙewa yana shigewa ciki. Yarinyar ta ce zafin ya ƙaru. Neilan ta ƙara mai. Washegari da amai ya fara wa mutane, ta sake shafa mata, ta naɗe gashin ta ɗaure tamau don kada ya ɓaci.

Sai bayan kwana biyu jirgin ruwan soja ya zo ya kwashe mutane zuwa tsibirin Kwajalein. A can aka jera su a bakin teku, wani likita yana bin su da ɗan akwati mai ƙara idan ya ji gubar bam ɗin. A kan 'ya'yan Tarmile ya yi ƙas, ƙas. Da ya zo kan Lijoma sai ya ɓarke ba tsayawa. Likitan ya taɓa gashin da safar hannu, ya murza yatsunsa, ya yi magana. Tafinta ya juyo ya faɗa da ƙarfi, kowa yana ji.

"Ya ce man nan ne ya riƙe gubar a kanta. Ya ce wa ya shafa mata?"

Ba wanda bai san ƙamshin man ba. Tarmile ta sunkuyar da kai. Har ta bar duniya ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma da zagi ta yi da ya fi wa Neilan sauƙi.

Cikin mako biyu gashin Lijoma ya zube, kan ya yi gyambo. Tarmile ce ta riƙa wanke shi, Neilan tana tsaye nesa da ƙwaryar ruwa a hannu. Neilan ta lallashi zuciyarta cewa yarinyar ƙarama ce, zazzaɓi ne a jikinta ranar, ba ta ji tafinta ba. Daga nan ba ta da wani buri a duniya sai ɗaya, kada Lijoma ta san hannun wa ne ya cusa mata gubar. Ta daina yin mai, ta ce kwakwar ta lalace. Tsoro take ji idan yatsunta suka sake shiga kan yarinyar, yarinyar za ta tuna. Saboda haka ba ta ƙara taɓa kan ba.

Bayan shekara uku aka mai da su gida, aka ce ƙasa ta yi kyau. Gashin Lijoma ya fito, ban da wani wuri a tsakar kai mai faɗin tafin hannu. Duk shekara likitoci sukan zo su kira kowa da lambarsa, su ɗebi jini, su ɗauki hoto, su rubuta, su tafi. An ce ilimi ya ƙaru sosai da abin da suka rubuta, to madalla. Tana shekara goma sha tara aka kai Lijoma Amurka aka yanke mata ƙari a maƙogwaro, ta dawo da tabo da ƙwayoyin da za ta sha har mutuwa. Ta auri wani kafinta, Jorbi. Ranar auren, da aka miƙa wa Neilan kambin furannin da za ta ɗora wa amarya, ta ce hannunta ciwo yake, ta ba Tarmile. Sau uku Lijoma tana ɗaukar ciki, sau uku mata suna binne abin da ta haifa a ɓoye. Kowane karo Neilan ce mai girki, mai wanki, mai ɗebo ruwa, amma daga nesa. Mutane suka ce mace ce mai taurin zuciya, ita kuma ta bar su a haka.

A 1985 mutanen Rongelap suka gaji da binne junansu, suka tattara suka bar tsibirin da kansu. Lokacin ciwo ya riga ya ci ƙarfin Lijoma, ya hau har kai. Aka kai ta tsibirin Ebeye kusa da asibiti, aka ba su ɗan ɗakin katako a gidan dangi. Wata rana da tsakar rana, kwanon rufi ya ɗau zafi, Neilan ta dubi 'yarta a kan tabarma ta ga lokaci ya ƙure. Ta durƙusa daga bakin tabarmar.

"Lijoma, akwai maganar da nake riƙe da ita tun kina ƙarama."

"Ta man da kika shafa min?"

Neilan ta ce, "Wa ya gaya miki? Tarmile?"

"Haba Inna. Shekarata bakwai, ai ba kurma ba ce ni. A gaban mutumin nake tsaye, kuma da harshenmu ya faɗa."

"Kika yi shiru duk shekarun nan?"

"In ce me? Ke kika fasa bam ɗin? Kin ga kan 'yarki yana ƙaiƙayi kin shafa mata mai. Ban taɓa riƙe ki da wannan ba, ko na rana ɗaya."

Neilan ta fashe da kuka, kukan daɗi, nauyin shekaru ya sauka daga ƙirjinta. Amma Lijoma ba ta gama ba.

"Abin da na riƙe ki da shi daban ne. Da gashina ya zube kika ja da baya, na ɗauka ƙyamata kike yi. Da na girma na gane ba haka ba ne, na ce to bari in jira. Ranar aurena na jira. Ranar da aka binne na ukun na zo na zauna a ƙasa gaban ƙafafunki, kika miƙe kika ce za ki duba tukunya. Shekara talatin da ɗaya, Inna. Wannan kam ba Amurkawa ba ne."

Neilan ta miƙa hannu za ta taɓa kan 'yarta. Lijoma ta juya fuskarta bango.

"Bari, Inna. Yanzu ko iska ce ta taɓa wurin, zafi yake yi."

Bayan kwana tara ta rasu. Matan coci suka zo gyaran gawa, ɗayarsu ta miƙa wa uwar mataji. A ranar Neilan ta taje kan 'yarta, a hankali, tana tambayarta ko da zafi.