Makullin Sitti da Dodannin Mota

Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwar Yaya Majid, kuma har yanzu in mota ta taka birki a ƙasan benenmu na unguwar Safa sai na leƙa taga. Masu zuwa gaisuwa sun ragu. Ummi ba ta tambaye ni komai ba tukuna, amma na san tambayar da ke bakinta, don duk lokacin da na kawo mata shayi, a wuyana idonta yake sauka, inda wani tsohon makulli yake rataye da baƙin zare. Ni kaɗai ce 'yar gidanmu da ke wurin a ranar, kuma ban gaya mata abin da na yi ba. Tsoro nake ji. Shi ya sa na zauna in fara rubuta yadda makullin ya zo wuyana, ko zan samu ƙarfin faɗin sauran.

A unguwar Ruwais muka taso, a gidan kakarmu wadda muke kira Sitti. Gyaɗa take soyawa ta sayar a bakin masallacin unguwa. Kullum bayan magariba sai ta hau saman soro ta hura gawayi, ta ɗora kasko cike da yashi, ta zuba gyaɗa tana juyawa. Iskar teku na kaɗowa da ɗanshi, hayaƙi na bin ta. Ni da Majid mu zauna kan tabarma, ina shekara bakwai, shi yana sha biyu. Aikinmu ɓare wadda ta huce, ladanmu wadda ta fashe, da kuma tatsuniya.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Ga wata can ta taso daga nesa da kayanta." Mu kuma mu ce ta iso lafiya. Majid ne ya ɓata abin, ya riƙa cewa ta yi fakin a nan, har Sitti ta gaji da jifansa da ɓawon gyaɗa ta ƙyale shi.

A shekarar ne ya kamu da son waɗannan manyan motocin na ƙasar waje, masu tayoyin da sun kusa tsawon mutum, waɗanda suke tsalle ta kan wasu motoci. A talbijin ɗin maƙwabta ya fara ganinsu. Ya ware littafin makaranta guda, ya ja layi a tsakiyar shafi. Hannun dama sunan wanda ya ci kambun tsere, hannun hagu wanda ya ci kambun wasan gwaninta, shekara bi shekara. Ya haddace su kamar karatun allo. Ya ishe mu da bayani: wai da farko taka tsofaffin motoci kawai suke yi su lotsa su, daga baya aka fara tsere, sannan aka zo da wasan da ake sakin direba shi kaɗai a fili na ɗan lokaci, ya yi tsalle, ya tsaya kan tayoyin baya, alƙalai su ba shi maki. Sitti ta ce wannan ai dodanni ne ba motoci ba, kuma duk ƙasar da ake ba mutum kambu don ya kifar da motarsa, ƙoshi ne ya yi musu yawa.

Amma tana saurare. Abu biyu ta riƙe cikin surutunsa. Na farko, da ya ce akwai mutum a gefen fili riƙe da wata 'yar na'ura, in ya ga abu zai ɓaci yana iya kashe injin motar daga inda yake tsaye, ko direba ya so ko bai so ba. Na biyu, da ta sa shi ya karanta mata jerin sunayen, sai ta lura wani zai ci bana ya ci baɗi, sai a rasa shi shekara guda, sai kuma ga shi ya dawo. Ta tambayi Majid ina mutumin ya je a shekarar da babu sunansa. Ya ce bai ci ba ne kawai. Ta ce a'a, ita ta san inda ya je.

Sunayen Turancin ba su zauna a bakinta ba, sai ta raɗa musu nata. Akwai Tukunyar Biki, akwai Mai Ƙaton Ciki, akwai Kwaɗon Ƙarfe. Takan share gefen kaskon da cokali ta yi fili a yashin, ta jera ɓawon gyaɗa su zama tsofaffin motoci, ta ɗauki gyaɗa mai 'ya'ya uku ta zama dodo.

Ta ce a wata ƙasa mai nisa an yi wani saurayi mai tuƙa Kwaɗon Ƙarfe. Ya ci kambun tsere, ya ci na gwaninta, ya sake ci, har aka daina tambayar wa zai zo na ɗaya, sai dai wa zai zo na biyu. Yana da ƙanwa, ita ce ke tsayawa a gefen fili da makullin da ke kashe inji, don ya ce bai yarda da kowa ba sai ita. Wata shekara, saura tsalle ɗaya ya ci, filin ya cika, ana kiran sunansa, sai ƙanwar ta ga tayar gaba tana rawa kaɗan, rawar da babu wanda ya gani. Ta murɗa makulli. Kwaɗo ya mutu a gindin tudu, aka bushe da dariya, Tukunyar Biki ta tafi da kambu. Saurayin ya sauko ko kallonta bai yi ba. Shekara guda cur bai yi mata magana ba. In ta kawo masa abinci ya ture, in ta shigo ɗaki ya fita. Ita kuwa ba ta ba shi haƙuri ba, kullum dai ta kawo abincin. Da shekara ta zagayo ya koma fili, kafin ya tayar da inji sai ya leƙo ta taga yana nemanta a gefen fili, ya same ta a tsaye inda ta saba.

Majid ya ce ƙarya ne, ba a rubuta haka a ko'ina ba.

Sitti ta ce, "Masu rubutu sunan wanda ya ci suke rubutawa, ɗan nan. Wanda aka mayar wa uwarsa da ƙafafunsa, wa zai rubuta shi? Duba littafinka, duk inda ka ga suna ya ɓace ya dawo, to akwai wata yarinya da aka yi gaba da ita."

Sai ta rufe yadda take rufewa kullum: na kashe inji, kowa ya sauka.

Mun sa ta maimaita wannan tatsuniyar ban san sau nawa ba. Wata maraice Majid ya hau katangar soron yana gudu a kanta yana ƙarar mota da baki, ƙasa kuwa hawa biyu ne. Sitti ba ta yi ihu ba. Ta kwance makullin akwatin ƙarfen da mahaifiyarta ta zo da shi aikin hajji, ta rataya mini, ta ce in ɗaga. Na ɗaga. Majid ya tsaya cak yana dariya, ya yi kukan inji mai mutuwa, ya diro ciki. Sitti ta sa shi ya dafa kaina ya yi alkawari: duk ranar da ni Hanan na ɗaga makullin nan, ko me yake yi zai tsaya. Ya ce ai wannan kucakar ko keke ba ta iya ba. Sitti ta ce ba tuƙi aka ba ta ba.

Sitti ta rasu ina aji biyu na sakandare, muka koma Safa. Majid ya zama makanike a wani gareji a Bani Malik. Ya samo tsohuwar jif ya ɗaga ta sama, ya sa mata manyan tayoyi, ya rubuta Kwaɗon Ƙarfe a bayanta. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan tafi tudun yashin da ke wajen gari, inda samari suke hawa da motoci suna gwada juna. Babu alƙali a can, babu motar asibiti, babu mai na'ura. Ummi ta hana har ta gaji, ƙarshe ta ce in dai dole ne to ya riƙa tafiya da ni. Ba ta manta makullin ba.

Kuma ya riƙe alkawari. Kafin kowane hawa sai ya leƙo ta taga ya neme ni. Sau ɗaya na taɓa ɗagawa a can, bara, da na ga iska ta cinye bayan tudun. Ya kashe mota a gaban abokansa, suna ta tsokanarsa wai ƙanwarsa ce kafilinsa, wato ubangidan da ba ya motsi sai da izininsa. Kwana uku bai ce mini uffan ba. Kwana ukun nan sun yi mini tsawo, na yi kuka a banɗaki. A na huɗu ya shigo da balila, dafaffen waken nan mai tsami, a roba ya dangwara a gabana ya ce, ci, ya hajiyar makulli.

Ranar da abin ya faru akwai wasu samari da suka zo da sababbin motoci. Tun da muka sauka suke yi wa jif ɗinsa dariya, ɗaya ya ce a tambayi takarunin nan, wato baƙo baƙar fata, ko a bola ya tsinto ta. A garin nan aka haife mu, a nan aka haifi ubanmu, amma har gobe in an so a ƙasƙanta mu haka ake jefa mana kalmar. Majid ya yi murmushi kawai. Ni ce raina ya ɓaci. Ya hau sau biyu ya wuce su duka, aka daina dariya, sai aka ce a yi na ƙarshe a babban tudu.

Da ya sauko daga hawa na biyu na ji wata ƙara a gaban motar, ƙas, kamar an karya itace. Na taso ina jin motocinsa, na san wannan ba ƙarar lafiya ba ce. Na kuma ga tayar hagu ta ɗan karkace. Hannuna ya tafi wuyana, na riƙe makullin ta cikin abaya. Sai na tuna dariyar da za su yi, na tuna kwana ukun bara.

Ya leƙo ta taga ya neme ni. Ya same ni. Na saki makullin na ɗaga waya ina ɗaukarsa, na ce masa yalla, je ka.

Ba zan rubuta yadda motar ta juyo ba. Bidiyon yana cikin wayata, ban goge ba, ban kuma iya buɗewa ba, don na san muryata tana ciki.

Da na kawo nan a rubutun aka kira magariba. Na yi salla, na je ɗakin Ummi, na same ta a kan sallaya da littafin Majid a cinyarta, wancan mai layi a tsakiya, ashe a cikin kayansa ta same shi. Na durƙusa na gaya mata duka, da ƙarar, da tayar, da wayar. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana shafa bangon littafin.

Ta ce, "Ya dube ki?"

Na ce ya dube ni, Ummi.

"To shi ya cika nasa," in ji ta.

Na cire makullin na ajiye a gabanta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce babu laifina ba, kuma na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba. Ta ce kwana ya ƙare ne, wannan na Allah ne, amma abin da ke tsakanina da zuciyata ba za ta iya ɗauke mini ba. Ta ɗauki makullin ta mayar mini a wuya da hannunta, ta ja kaina ta ɗora a kafaɗarta, muka zauna haka har aka kira isha.

Duk shekarun nan na ɗauka Majid Sitti take ja wa kunne da tatsuniyar, yaro mai rawar kai da son tsalle. Sai yanzu na ga shi ɗan guntun aiki ta ba shi, ya leƙo ta taga kawai. Doguwar shekarar nan ta ture abinci da fita daga ɗaki, da take ja tana maimaitawa har gyaɗa ta kusa ƙonewa, ni take nuna wa. Tana gaya mini kuɗin abin tun ina shekara bakwai, cewa za a yi dariya, zai ƙi ni, kuma babu inda za a rubuta sunana. Ita yarinyar cikin tatsuniya ta ɗauki shekara guda. Ni kwana uku na ji tsoro.

Ɗakinsa yana kallon nawa. Da na ɗaga hannuna ranar, da yanzu yana ciki ya rufe ƙofa yana gaba da ni, ni kuma ina tsaye a bakin ƙofar da farantin abinci.