Guntun Karan Da Na Share Daga Cikin Tsohuwar Kwamfuta

Jama'a, ni ne mai yi wa masu ba da labarin ban tsoro dariya a majalisa, amma wannan wallahi tallahi a kaina ya faru, da rana tsaka, idona biyu, ba mafarki ba, ba kuma wani ne ya ba ni labari ba.

Shekarun baya ina da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Talata Mafara, ba nisa da kasuwa. Lokacin bazara ne, ana ta kwasar albasa a Bakolori, zafi kamar a bakin murhu, sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke wani dattijo a ƙofar shagona, rungume da wani abu naɗe cikin darduma. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, sannan ya ce shi ne Malam Isa, daga Tsibiri ta wajen Maradun, can yake koyar da karatu. Da ya kwance dardumar sai na ga akwatin kwamfuta irin ta tebur, tsohuwa tukuf, farinta har ya koma ruwan ƙasa. A raina na ce, to, yau kuma kakar kwamfutoci aka kawo mini.

Sai ya matso, ya rage murya kamar mai jin kunya. Ya ce ta ɗansa Sanusi ce, wanda yake buga wa mutane katin biki a Maradun, zazzaɓi ya ɗauke shi bara. Shi kuma Malam tun fil azal bai yarda da hoto a gidansa ba, don haka babu hoton Sanusi ko ɗaya a hannunsu, wayarsa ma ta ɓace a hidimar asibiti. Matar marigayin ce ta ce akwai hotonsa a cikin kwamfutar nan, amma an kunna ta, allo ya ƙi nuna komai.

"Ɗana," in ji shi, "likita ya ce hawan jinin ido gare ni. Na dama ya tahi, na hagu ma kullum raguwa shikai. Ina son in ga huskar yaron ga sau guda kahin duhu shi ruhe ni. Kar ka hwaɗa ma kowa."

Wallahi sai na ji dariyar da ke raina ta mutu. Na ce, "Allah gafarta Malam, in Allah ya yarda za ka gan shi."

Na tada janareta, na haɗa kwamfutar da allona, na danna. Fanka ta juya, ƙaramar fitila ta kama, ta yi ƙara ɗin-ɗin-ɗin, allo kuwa baƙi ƙirin. Na canza wayar allo mai shuɗin kai, shiru. Na ɗauko wani allon, shiru. Na buɗe cikinta, kai jama'a, ƙura da saƙar gizo da gidan zanzaro, har da wani guntun kara kwance a ƙasa, bakinsa baƙi kamar ya ƙone. Na hure komai, na share, na watsar a kwandon shara. Na zare ram, wato ɗan siririn katin ƙwaƙwalwarta, na goge bakinsa da abin goge fensir, na sauya ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na cire katin hoto, wato wanda ke aika hoto zuwa allo, na goge shi na mayar na danna da ƙarfi. Duk a banza.

Na san wani zai ce, to me ya hana ka cire rumbun ajiyarta ka jona a wata kwamfutar? Na yi tunanin haka, ɗan'uwa. Rumbun irin na da ne mai faffaɗar waya, babu injin da zai karɓe shi a shagona, na zaga wajen abokan sana'a babu, sai dai a aika Sakkwato ko Kano a jira. Idon Malam kuwa ba jira yake ba. Na ce ya kwana wajen danginsa a gari ya dawo gobe. Da yamma masu kwasar shara suka wuce, na juye musu kwandon nan da hannuna. Ku riƙe wannan.

Washegari ranar kasuwa ce. Malam ya zo tun da hantsi ya zauna a benci yana jan carbi. Duk sanda na danna sai ya ɗago kai ya juyo da idon hagu wajen allo. Da aka kira azahar ya lallaba ya tafi masallaci, ni kuma na ce bari in gwada sau ɗaya in bi shi. Na gwada, ta ƙi. Na dafe kai, na ce ya Allah, kar ka kunyata ni a gaban bawan nan naka.

Sai na ji sallama. Wani saurayi ne a tsaye, dogo, cikin farar riga, da wani tabo da ya raba girarsa ta hagu biyu. Na amsa a gajiye, na ɗauka mai neman a tura masa karatu a waya ne. Bai tambaye ni komai ba, ya leƙa cikin akwatin ya yi murmushi.

"Injiniya, katin ga ba dannawa shika so ba, ɗagawa shika so. Ramin nai ya saki."

Ni da na ƙi jinin a koya mini aikina, ranar ko musu ban yi ba. Ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini guntun kara, ya ce in tokare gindin katin da shi. Na karɓa, na tokare, katin ya ɗan ɗaga kaɗan. Sai ya ce, "In ta kawo, ka ƙara haske har ƙarshe, ka jawo mai kujera kusa. Ba shi ganin abu mai duhu-duhu."

Na danna. Ƙara ɗaya ta yi, ɗin, sai ga rubutu fari ya bayyana a allo. Na yi kabbara, na juyo in yi masa godiya, babu kowa. Na leƙa waje, ga mai rake a ƙofata, na ce ina saurayin da ya fita yanzu? Ya ce shi tun da tsoho ya fita bai ga kowa ya shiga ba, balle fita.

Na dawo ciki, kwamfuta ta gama buɗewa, hoto ya cika allon. Saurayi ne a tsaye cikin gonar albasa, yana dariya, ga tabo ya raba girarsa ta hagu biyu. Inna lillahi! Na zauna a ƙasa. Na kalli karan nan da kyau, bakinsa baƙi kamar ya ƙone. Shi ne dai wanda na share jiya, wanda na juye wa masu shara da hannuna.

Haka Malam ya dawo ya same ni. Na tashi, na ƙara haske har ƙarshe, na jawo masa kujera kusa, kamar yadda aka ce mini. Ya kai fuskarsa har hancinsa na neman taɓa gilashi, ya daɗe, ya daɗe, sannan ya ɗora yatsa a kan girar nan.

"Shi na," ya ce. "Nan jaki ya harbe shi yana ƙarami. Ashe haka shika dariya in ba ni wurin."

Hawaye na bin gemunsa, ni ma ban san sanda nawa suka zubo ba. Can na daure na ce, "Malam, marigayi yana da ɗan'uwa mai kama da shi?" Ya ce shi kaɗai ne namiji da Allah ya ba shi. Ya tambayi abin da ya lalace, na kama hannunsa na kai kan karan a hankali. Ya shafa, ya kai yatsan hancinsa ya shinshina.

"Wanga ai tawada ce. Guntun alƙalamina na, da nika rubutun allo. Na neme shi har na gaji, ashe ja'irin shi ya ɗauke."

Ya yi dariya cikin kuka. Na buɗe baki in ba shi labarin baƙon, na kasa, har yau kuma ban faɗa masa ba. Na ce bari in wanke masa hoton a takarda, ya girgiza kai, ya ce ya gani, ya isa. Ya ɗaga hannu ya yi mini addu'ar da tun rasuwar mahaifina ba wanda ya yi mini irinta, kuma duk wani buɗi da na samu daga baya ni na san daga ina ya fito. Kafin damina ta sauka na ji labari idon hagun ma ya rufe.

Malamai sun ce mamaci ba ya dawowa, na yarda, ban ja da su ba. Ban san wa ya shigo shagona ba, ban san ta yaya kara ya fito daga bola ya shiga aljihunsa ba. Na dai san na gode masa, na gode wa Allah da ya turo shi kafin lokaci ya ƙure. Amma har gobe, in na ji sallama a bayana ina cikin aiki, sai tsigar jikina ta tashi kafin in juya.

Abokan sana'a, in kun buɗe kayan mutum kun ga wani abu da ba ku gane ba, ku ajiye shi gefe, kar ku yi saurin sharewa. Ku kuma masu iyaye a raye, ku je gida ku zauna kusa da su, inda akwai haske, ku yi dariya su gani tun idonsu na gani.