Fiffiken gwangwala

Mu bakwai ne muka kafa kulob ɗin jirgin sama a Kafanchan, biyar a cikinmu ma'aikatan reluwe. Ba mu da jirgi, ba mu da matuƙi. Wata tsohuwar mujalla ce kawai a hannunmu, mai zanen ƙaramin jirgi marar inji, wanda ake ja da igiya a sake wa iska. Hedimastan makarantar mishan ya ara mana gefen filinsa duk Asabar, da sharaɗin in damina ta sauka ba abin da ya tashi, zai sa a shuka gyaɗa a wurin.

Babbanmu kafinta ne mai gyaran taragu. A wurinsa abin da ba shi da nauyi ba shi da aminci. Inda zanen ya ce a sa gam sai ya buga ƙusa, ya kuma ƙara ƙarfe a ciki don kada ya karye. Bai karye ba kuwa. Asabar uku muna gudu da igiya, jirgin yana biye da mu a ƙasa kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Wani dattijo daga Manchok, mai sayar da gwangwalar jinka, ya tsaya yana kallonmu. Ya ɗaga jirgin ya ajiye.

"Oga, wannan sai dai ku shimfiɗa masa layin dogo."

Asabar ta gaba sai ga babbanmu da gwangwala a kafaɗa, dattijon yana bayansa da wuƙa. Dattijon ya fere ta siriri, muka liƙa takarda da kokon rogo. Duk lokacin da hannun babbanmu ya nufi guduma, sai dattijon ya yi gyaran murya.

Daga baya na ga irin wannan kulob a Jamus da Sudan, da rumfunansu da injinansu, amma ban ga inda aka yi gudu da igiya kamar namu ba. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Kagoro ranar da muka saki sabon jirgin. Ya haye ragar ƙwallo, ya yi ta shawagi, ya sauka a kan mangwaro.

Hedimasta ya shuka gyaɗarsa a bayan coci. Bara na wuce ta wurin, filin yana nan, ba a nome shi ba.